Ranar da Aka Tofar Min da Zoɓo a Washington

Tun da na dawo ban huta ba. Wannan ta bugo waya, waccan ta yi sallama, Hajiya Uwani ma har ɗaki ta biyo ni wai ta zo sannu da zuwa, alhali idonta yana kan akwati. Kowa tambayarsa ɗaya: "Hajiya Rabi, ya Amurka?" To ga Amurkar nan zan zazzage muku gaba ɗaya in huta. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, wallahi sai ta sayi zoɓo kwano biyu kafin in buɗe baki.

Da farko dai ku sani ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kun san sana'ata. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ita da matan ƙauyenmu can wajen Gumel su suke noman zoɓo, su tsinke, su shanya, ni kuma in tattaro in zuba a sito a nan Kano in nemo musu mai saye. Bana dillalin da ya saba kwashewa ya ce shi kasuwarsa ta tsaya, ko buhu ɗaya ba zai ɗauka ba. Sito ya cika har rufi, ga damina tana ƙaratowa. Zoɓo kuwa idan ya ji danshi baƙi yake yi, ya yi fumfuna, ko akuya ba ta kallonsa. Wahalar matan nan ta shekara guda ce jibge a wuyana, barci ma ya daina zuwar min daidai.

Ana cikin haka ƙanena Nasiru ya kira. Shi ne wanda yake koyarwa a jami'a a wani gari College Park, kusa da Washington. Dakta ake ce masa, amma ni da na goya shi na san ko aiken gishiri aka yi masa sai ya dawo da sukari. Ya ce, "Yaya, na samo miki mai saye. Wani Bature ne, Mista Rasel, yana shigo da kayan sha. Za su yi taron ɗanɗano, ki zo da samfur ya gani." Ni da na ji kayan sha, lemo na kawo a raina da shayi. Me kuma zan kawo?

Wahalar biza ba sai na ba ku labari ba. Na sha rana a layi a Abuja har takalmina ya yi laushi, da na isa gaban gilashin kuma ko minti biyu ba a yi ba aka sallame ni. Kafin in tashi na je ƙauye sallama. Gwaggo da kanta ta zauna ta tsince min samfur, manya manya, jajaye wur, babu tsakuwa babu kara. Yatsunta sun rine da jan zoɓo, ko da sabulu ba ya fita. Ta ƙulle a leda ta miƙo min ta ce, "Rabi, idan sun sha ki kalli fuskarsu da kyau, ki zo ki gaya min."

Jirgi kuwa, ni ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba tun da aka haife ni. Ƙafafuna suka kumbura suntum. Wani ƙato da ke gefena ya mai da kafaɗata matashi, in ture shi ya dawo, in ture shi ya dawo. Abincin da aka kawo babu gishiri babu yaji, wata kaza fara fat kamar ba ta taɓa ganin wuta ba. Salla ma sai da na rasa gane wace ce wace, domin rana ta ƙi faɗuwa, muna tafiya tana bin mu.

Da muka sauka, ina tsaye ina jiran kaya, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga, ya zo ya zauna daram a gaban jakata. Na ce a'uzubillahi, na ja zanena. Ashe ma'aikaci ne, kwastan ne shi ma. Aka kai ni gefe aka zazzage min kaya a kan tebur. Kilishin da na yo wa Nasiru tsaraba, mai kyau, na musamman, wani jami'in kwastan ya ɗaga shi da safar hannu ya jefa a kwandon shara ina kallo. Wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce to ka ci mana, ko ka ba karen, ya ce doka ta hana. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai da ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Ni duk wannan bai dame ni ba, idona yana kan ledar Gwaggo. Ya buɗe, ya juya, ya duba ko da ƙwari, ya ƙulle ya miƙo min. Sai a lokacin na yi numfashi.

Masauki a gidan Nasiru ne, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin ƙasa, taga ƴar mitsitsiya can sama, ƙafafun masu wucewa kawai kike gani. Ɗakin yana warin rufi, sai na ce bari in ɗan sa turaren wuta. Ko minti ɗaya ba a yi ba wani abu a silin ya fasa ihu, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Nasiru ya sauko da gudu yana fifita tawul, yana cewa, "Yaya, kashe, kashe, yanzu ƴan kwana-kwana za su zo!" Ƙasar da ko turare ba a bari mace ta sa, ina amfaninta?

Matarsa Maryam, Allah ya yi mata albarka, yarinyar kirki ce, amma aikin asibiti ya cinye ta. Ranar Lahadi take dafa miyar sati, a daskarar, a riƙa gutsura ana ɗumamawa. Da safe kuma wani abu mai ƙaras-ƙaras ake zubawa a madara mai sanyi, wai an karya kumallo. Yaransu suna jin Hausa sarai, amma ki ce "Kun tashi lafiya?" su amsa miki da Turanci ta hanci. Maƙwabta kuwa, na gaida wata tsohuwa da ke yawo da kare, na tambaye ta gida da iyali, sai ta ƙanƙame jakarta.

Ana gobe taron Maryam ta kai ni Landover, inda shagunan ƴan Afirka suke, na sayi citta da kanumfari da masoro da abarba. Nan na ga zoɓo a ƴan ƙananan leda, ya koɗe, duk gari ne da kara, irin wanda mu muke sharewa daga ƙasan buhu. Kuma ana saye! Na ce a raina, Rabi, idan wannan yana da kasuwa, na Gwaggo ai sai an yi layi.

Da safe na dafa zoɓona yadda na iya, na tace sau biyu, na zuba a kula da ƙanƙara. Na sa leshina mai ruwan toka da babban mayafi. Muka shiga jirgin ƙasan nan nasu da ke bi ta ƙarƙashin gari. A matakalar da ke tafiya da kanta na tsaya a hagu rungume da kula, ashe hagu na masu sauri ne. Wani mai jaka ya tsaya a bayana yana huci kamar na taka masa gona. Na ce masa da Hausa, "Sai ka tashi sama ai."

Wurin taron wani babban zaure ne a unguwar ofisoshin jakadanci. A bakin ƙofa wani saurayi ya tare ni, wai in nuna katin shaida a ga ko shekaruna sun kai. Ni! Mai jikoki! Na ce Nasiru, wane irin shan lemo ne sai an duba shekarun mutum? Ya kawar da kai yana gyara tabarau. Muna shiga warin ya buge ni, wani tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana uku. Tebura jere reras, kowanne da kwalabe, mutane ko'ina riƙe da kofunan gilashi masu dogon wuya.

Na damƙo hannun rigarsa. "Nasiru, ina ka kawo ni?"

"Yaya, ki yi haƙuri, taron masu harkar giyar inabi ne, amma akwai ɓangaren abin sha marar bugarwa, can za ki zauna."

"Ka sani tun farko?"

"Na san dai za a ɗan samu. Idan na faɗa miki ai ba za ki zo ba."

Wallahi da ba don mutane ba da na mare shi da digirinsa. Na juya zan fita, sai sito ya faɗo min a rai, da yatsun Gwaggo. Na ce to, ni dai zoɓo na kawo, zoɓo zan nuna. Aka ba ni ɗan tebur a lungu, kusa da wata mai sayar da ruwan tuffa. Na juya kujerata na ba zauren baya, na fuskanci bango, na ce idona ba zai ga abin da suke yi ba. Ina ta istigfari a zuci. A kan teburin akwai wani ɗan bokitin ƙarfe mai ƙyalli, na zaci na ɗauraye kofi ne, har na yaba musu da tsafta.

Can sai ga Mista Rasel, dogo, mai furfura, da wasu mata biyu a bayansa. Mutum mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Bai miƙo min hannu ba, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna. Na nuna masa busasshen, ya murza, ya sunsuna, ya ɗaga gira. Sannan na buɗe kula. Kamar yadda muke yi, na fara zubawa na yi bismilla na sha a gabansa, don ya san abin da na kawo mai tsabta ne. Na zuba masa a kofin robana, ya ce a'a, ya sa aka kawo na gilashin nan mai dogon wuya. Na ce ba komai, girmamawa ce.

Ya ɗaga kofin saitin fitila ya daɗe yana kallo. Ya karkata shi. Ya juya shi, ya juya, ya juya, kamar mai dama fura. Ya cusa hancinsa ciki har sai da na ji tsoron kar ya nutse. Ni dai ina kallon fuskarsa, saƙon Gwaggo nake cikawa. Ya kurɓa, ya ja iska ta haƙora, zuuut, irin abin da muke dukan yara a kai. Ya kuskure baki da shi, kumatu na motsi. Ya lumshe ido. Na ce alhamdulillahi, ya kama shi.

Sai ya sunkuya ya tofar a bokitin nan. Tuf!

Kafin in rufe baki matan nan biyu su ma sun kurɓa sun tofar. A gabana. Zoɓon da Gwaggo ta tsince da hannunta, na ɗauko shi tun daga Gumel, na tsallake da shi gaban kare.

Jama'a, ku da kanku kun sani. A garin nan ko maƙiyinka ya ba ka ruwa, ko da ɗaci, ka haɗiye ka ce an gode. Mace ta girka abu ka tofar a kan idonta, ai gara ka zage ta ta uwa ta uba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge kofin daga hannunsa, na ce, "Kai, wane irin marar tarbiyya ne kai? Guba na ba ka? Idan bai yi maka ba, ba sai ka ajiye ba? Da furfurarka!" Hausa ta ƙare na koma Turancin sakandare, shi ma ya ƙare na dawo Hausa. Nasiru yana ta "Yaya, Yaya, don Allah," na ce ka rufe min baki, kai ka jawo. Mai ruwan tuffa ta janye kwalabenta.

Sai na ji murya a bayana, da Hausa: "Hajiya, sannu. Hajiya, ki yi haƙuri, ki juya ki duba."

Wani dattijo ne riƙe da tiren kofuna, cikin kayan ma'aikatan wurin. Daga baya na san sunansa Malam Isiyaka, mutumin Zangon Kumasi ne, aikinsa kula da tsofaffi, ranar hutu yake zuwa kwashe kofuna a irin wannan taro. Ya ce, "Ki juya dai."

Na juya. Ikon Allah! Kowane tebur da bokitinsa. Can nesa, inda hayaniyata ba ta kai ba, manyan mutane da kwat da sarƙoƙi, kowa kurɓa, kuskure, tuf. Kurɓa, kuskure, tuf. Kamar an tara masu ciwon haƙori.

Malam Isiyaka ya ce, "Haka suke yi. Waɗannan ba sha suka zo yi ba, saye suka zo, na otal-otal da na shaguna. Mutum zai ɗanɗana kala-kala tun safe, idan ya haɗiye duka ai sai a ɗauke shi ranga-ranga. Abin da suka raina ko kofi ba sa ɗaga masa."

Na ce to ai nawa ba ya bugarwa, ya ce hannu ne ya saba. Na zauna ina huci. Kunya ta ɗan kama ni, amma kaɗan, domin har gobe ina nan a kan bakana: wannan ba ɗabi'a ba ce.

Mista Rasel kuwa, maimakon ya yi fushi, sai ya shiga ba ni haƙuri, fuskarsa ta yi ja kamar zoɓon. Don ya wanke kansa ya fara zuba yabo, Nasiru yana fassara. Wai bai taɓa ganin launi irin wannan ba. Wai tsaminsa mai tsabta ne, yana jin ƙanshin ƙasa mai yashi a ciki. Na ce wannan kuma gaskiya ne, jigawa ce. Ya ce su a sana'arsu komai sai an san gonar da ya fito, da shekarar da aka girbe shi, da wanda ya noma, mai saye labarin yake biya. Zai kwashe sito gaba ɗaya, kuma duk shekara. Na ce alhamdulillahi, sito ya tashi. Ya ci gaba da magana yana nuna wata kwalba, sai na ga Nasiru ya tsaya da fassara yana tari.

Turancina bai da yawa, amma sunan abin nan da ke rubuce a kowace kwalba a zauren na ji shi sarai a bakinsa. Na ce, "Nasiru, me ya ce?"

"Yana dai yabawa ne, Yaya."

"Malam Isiyaka, don girman Allah me ya ce?"

Dattijon ya kalli ƙasa. "Ya ce za su jiƙa shi da sukari ya yi watanni ya tsima, ya zama giya. Ya ce za su rubuta sunan ƙauyenku a jikin kwalbar. Idan an yarda, har hoton tsohuwar da ta noma za su sa."

Hoton Gwaggo Tabawa. A jikin kwalbar giya. Matar da ko goro ta daina ci tun da ta dawo daga Makka wai yana sa ta jiri.

Nasiru ya matso yana raɗa. "Yaya, ki yi tunani. Ke busasshen fure kike sayarwa. Abin da zai yi da shi ruwansa. Dillalin da yake saye a wurinki da, kin san inda yake kaiwa? A cire maganar hoto kawai. Ki tuna damina."

Kada ku ɗauka nan take na yi tsalle na ce a'a. Sai da na auna abin a raina. Na ga buhunan nan, na ga matan da suka sa ran ɗinkin salla da kuɗin maganin yara a kansu. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, yaron nan bai yi ƙarya ba, ban taɓa tambayar dillali ina yake kaiwa ba. Da ban yi masifa ba, da Baturen nan bai buɗe baki ya yi dogon bayani ba, da mun rabu a kan yana shigo da kayan sha, in dawo gida da albishir. Amma ya faɗa, na kuma ji da kunnena.

Na tambaya ko zai saya ya yi lemo da shi. Ya ce shi ba layinsa ba ne, zai dai tambaya. Irin "zan tambaya" ɗin da mu ma muke yi wa mai talla.

Na rufe kulata, na ƙulle ledar Gwaggo. Na ce, "Nasiru, ka ce masa na gode. Ka kuma ce masa gara da ya tofar."

A bakin ƙofa Malam Isiyaka ya biyo ni, ya ce tun safe bai sa komai a bakinsa ba, a wurin nan ko ruwa ba ya yarda ya sha a kofunansu. Na zuba masa a kofin robana. Ya yi bismilla ya shanye, ya miƙo na ƙara, ya sake miƙowa. Ya ce su can sobolo suke ce masa. Ya goge baki ya ce, "Allah ya yi wa mai noman nan albarka." A duk Amurka shi kaɗai ya haɗiye.

Sauran kwanakin ban yi wa Nasiru magana ba sai gaisuwa. Ya zaga da ni shagunan Landover, mai cewa zai ɗauki kwali ɗaya, mai cewa a dawo bayan salla. Kwali ɗaya ina zai kai sito?

Washegarin da na sauka na wuce ƙauye, don ban so ta ji a bakin wani. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Sun sha?"

Na kwashe komai na gaya mata, har bokiti, har hoto. Na zaci za ta yi salati ta sa min albarka. Sai ta zuba min ido ta ce, "Ke Rabi, wa ya aike ki tambayarsa abin da zai yi da shi?"

Na ce, "Gwaggo, ban tambaya ba, faɗa na yi, shi ya faɗa."

"Bakin nan naki. Tun kina yarinya."

Ta kalli yatsunta. Matan gidan sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Can ta nisa ta ce, "To, tunda an ji, an ji." Ta dafa bango ta miƙe, ta kalli sama, ta ce min, "Tashi ki koma Kano kafin ruwan nan ya sauko. Ki ɗora buhunan a kan katako, kar su taɓa ƙasa."